Tambaya da Amsa: Takalmin makaranta ya ɓare a sati uku, mai shago ya ce kaya ya fita

Tun da aka koma makaranta wasiƙun takalmi suka fi yawa a cikin waɗanda ke iso ni. Na zaɓo uku a wannan fitowar: ta wata uwa, ta wani ɗan kasuwa, da wata gajeriya daga Kaduna.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali? Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, uku suna makaranta. Ana saura kwana biyar a koma hutu na shiga kasuwa na sayo wa ɗana ɗan aji huɗu na firamare baƙin takalmi sau-ciki, irin wanda makarantarsu ta ce dole shi za a sa. Mai shagon ya fara da naira 18,000, muka daidaita a 14,500. Da bakina na gaya masa na makaranta nake so, kuma yaron a ƙafa yake zuwa. Ya ce, "Hajiya, wannan sai dai ƙafarsa ta fi shi." Sati uku cif, ranar wata Laraba, sai ga yaro ya dawo da takalmi a hannu. Ƙasan na dama ya ɓalle tun daga yatsu har tsakiya, na hagun ma ya fara buɗewa a daidai wurin. Babansa ya zane shi, wai ƙwallo ya buga. Yaron ya yi ta rantsuwa bai buga ba. Na koma shagon, mutumin ya nuna min wata takarda a bango, wai kaya idan ya fita ba a dawowa da shi, in kai wa shumeka ya manne. Ba ni da rasit, amma ta tiransifa na biya. Anti, ina da wani haƙƙi ko in haƙura? Kuɗin nan adashi na ɗauka.

Maman yara, daga cikin birnin Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, Maman yara. Allah ya mayar miki da alheri. Kina da haƙƙi, kuma idan kin koma shagon nan ba roƙo ya kai ki ba. Amma kafin komai, don Allah kada ki kai takalmin wurin shumeka tukuna. Da zarar an shafa masa sabon gam an soka masa allura, shaidarki ta tafi. Mai shago zai ce ba haka ya sayar miki da shi ba, kuma a nan ya fi ki hujja. Ki kaɗe ƙurar jikinsa kawai, ki ɗauke shi hoto da waya, sama da ƙasa da wurin da ya buɗe, ki sa a leda ki ajiye. Yaron ya lallaɓa da tsohon takalminsa ko na wansa na 'yan kwanaki, ki rubuta wa malamin ajinsu 'yar takarda don kada a tsare shi a bakin ƙofa.

Abin da ya fi tsaya min a rai cikin wasiƙarki dukan yaron ne. Ni a gidan mai sayar da takalma na tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru da rumfa a Kasuwar Wambai, kuma idan aka dawo masa da takalmi ba ya fara sauraron kowa. Sai ya karɓa, ya juya ƙasansa, ya dubi gabansa, ya sa babban yatsa ya buɗa wurin da ya ɓare, sannan ya ɗago kai. A wurinsa na koyi abin da zan gaya miki.

Takalmin da aka buga ƙwallo da shi gabansa ke fara tona asiri. Hancin ya goge, baƙin ya kankare, gefen babban yatsa ya yi fari-fari, kuma yawanci ƙafa ɗaya ce ke shan wahala, wadda yaro ke harbi da ita. Wanda kuwa gam ɗinsa ne bai kama ba, za ki ga samansa lafiya lau har da ƙyallinsa, ƙasan ne kawai ya rabu da shi sumul. Idan kika leƙa ciki za ki ga busasshen gam yana ɓamɓarowa kamar ƙanzo. Yawancin takalman yanzu manne ƙasansu ake yi, wani ɗinkin ma da kike gani a gefe zane ne kawai a jikin roba, babu zare ko ɗaya. Kafin gam ya kama sai an kankare fuskokin biyu sun yi kaushi, a shafa, a bari ya sha iska, a ɗumama, sannan a matse. Aka yi gaggawa a ɗaya daga cikin waɗannan, takalmi zai yi kyau a shago, ya kuma buɗe baki da zarar ya taka ruwan ƙarshen damina sau biyu. Akwai kuma wanda ya daɗe a sito. Wata irin roba mai laushi da ake yin ƙasan takalmi da ita tana lalacewa a ajiye ko ba a taɓa sa ta ba, musamman inda zafi da danshi suka haɗu, sai ta riƙa marmashewa kamar busasshen burodi.

Kin ce na hagun ma ya fara buɗewa a daidai inda na dama ya buɗe. Wannan ya fi kama da aibin da takalmin ya baro shago da shi. Ki kai wa Babansa ya duba da idonsa, cikin ladabi, lokacin da ransa ya yi sanyi. Idan ya gamsu, ya kira yaron ya lallashe shi. Yaron da ya taho tun daga makaranta takalmi a hannu, ƙafa a ƙasa, abokai suna kallo, ya riga ya sha kunyar da ta ishe shi.

To, batun takardar bango. A Najeriya akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa hukumar FCCPC, wadda ta gaji tsohuwar hukumar kare masu sayayya ta tarayya. Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya mai inganci, marar aibi, wanda ya dace da aikin da aka san ana yi da irinsa, wanda kuma zai yi ƙarko na lokacin da hankali zai ɗauka. Babu mai hankalin da zai ce sati uku ƙarko ne ga takalmin makaranta na naira 14,500. Wannan sashe ya ƙara da cewa idan mai saye ya faɗa wa mai sayarwa takamaiman abin da zai yi da kayan, to yana da haƙƙin samun wanda ya dace da wannan buƙatar. Ke kuwa kin faɗa: na makaranta, yaro mai zuwa a ƙafa. Maganar da kika yi a bakin shago ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Sashe na 132 shi ne naki. Ya ce cikin wata uku da karɓar kaya, idan suka gaza wancan ingancin, mai saye zai iya mayar da su ba tare da an ci shi tara ba, mai sayarwa kuma ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗin. Ɗawainiyar gyaran a kansa take. Saboda haka cewar da ya yi ki kai wa shumeka da kuɗinki ba ta hau ba. Ita kuma takardar da ya liƙa, sashe na 129 ya hana a gindaya sharaɗin da zai ƙwace wa mai saye haƙƙin mayar da kaya mai aibi. Ko da manyan baƙaƙe aka rubuta ta, ba ta fi doka ƙarfi ba. Akwai ma sashe na 145, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba: idan aka yi zargin kaya na da aibi, nauyin kawo hujja yana wuyan wanda ya sayar. Idan ya ce ƙwallo aka buga, shi zai nuna.

Rashin rasit kada ya karya miki guiwa. Doka ma mai sayarwa ta ɗora wa nauyin ba da takardar shaidar ciniki, a sashe na 118. Tunda tiransifa kika yi, kina da ranar, kina da adadin kuɗin, kina da sunan asusun da suka shiga. Ki nemo saƙon a wayarki ki adana hotonsa tun kafin ya ɓace cikin sauran saƙonni.

Na san akwai 'yan kasuwar da idan ka ambaci sashe kaza na doka sai su ga kamar barazana ka zo yi. Irin waɗannan, maganar addini ta fi saurin shiga kunnensu, kuma tun kafin a rubuta dokar 2018 fiƙihunmu ya gama magana. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta babin ciniki a Risala ya san zaɓin aibi: wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ba a nuna masa ba, yana da zaɓi ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Idan kuma wani lahanin ya sake samun kayan a hannunsa, malaman Malikiyya sun ce ko dai ya riƙe a mayar masa da ƙimar tsohon aibin daga cikin kuɗin, ko ya mayar da kayan ya biya ƙimar lahanin da ya same su a hannunsa. Sun kuma ce wanda ya ga aibi ya ci gaba da amfani da kayan kamar babu komai, ana iya ɗaukar hakan a matsayin ya yarda. Shi ya sa na ce ki cire takalmin daga ƙafar yaron ki ajiye. Hadisin tarin abincin nan da ke cikin Sahihu Muslim kuwa kowane ɗan kasuwa ya san shi: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ban ce mai shagonki ya san da aibin ba. Mai yiwuwa shi ma haka ya saro. Amma rashin saninsa bai mayar da asarar taki ba.

Yadda za ki koma yana da muhimmanci ƙwarai. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe, kada ki bari sati ya zagayo. Ki tafi da hantsi, kafin kasuwa ta cika, don ɗan kasuwa ba ya son a ƙure shi a gaban masu saye, idan aka yi haka sai ya kafe ko da ya san ba shi da gaskiya. Ki tafi da Baban yara ko wani ɗan'uwanki namiji mai sanyin hali. Ku yi sallama, ku gaisa sosai, ku tambayi kasuwa. Ki tabbatar da mai shagon kuke magana, yaron shago ba shi da ikon canza kaya, abin da aka ce ya faɗa shi zai maimaita. Sannan ki ajiye takalmin a gabansa ki ce, "Alhaji, duba da kanka. Ranar kaza na saya, ga shaidar biya. Na gaya maka na makaranta ne. Ka ga samansa ko gogewa bai yi ba. Ban zo faɗa ba, canji nake so, ko kuɗina." Daga nan ki yi shiru ki bar shi ya juya takalmin.

Kada ki kafe a kan kuɗi kaɗai. Doka ta ambaci hanya uku, kuma a kasuwanninmu canji ya fi sauƙin samuwa, don kuɗin da ya shiga aljihun ɗan kasuwa ya riga ya koma kaya. Idan ya yarda da canji, kada ki karɓi ɗan'uwan wancan daga kwali ɗaya, lalurarsu ɗaya ce. Ki zaɓi wani samfurin ko da za ki ɗan yi ciko, ki lanƙwasa shi a hannunki ki ga ko bakin gam zai buɗe, ki ja ƙasan da yatsa, ki ɗaga shimfiɗar ciki ki ga ko kwali ne a ƙarƙashi. Idan gyara ya zaɓa, to ɗinki za a zagaye shi da shi, ƙafa biyun, kuma shi zai biya. Manni kaɗai sati biyu zai ƙara miki.

Idan ya ƙi sam, akwai na gaba da shi. Kusan kowace kasuwa tana da shugabannin layi da ƙungiyar 'yan kasuwa, kuma irin wannan ƙarar suke sasantawa kullum. Sau da yawa a nan magana ke mutuwa, don babu mai son a kira shi gaban dattawan layinsu a kan takalmi ɗaya. Bayan su akwai hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta Jihar Kano, akwai kuma FCCPC, wadda ke karɓar ƙorafi ta intanet. Abin da za su nema shi ne abin da na ce ki adana: hoto, shaidar biya, ranar saye, da inda shagon yake. Kotu ma tana nan, amma gaskiya a kan naira 14,500 kuɗin mota da zirga-zirga za su iya cinye abin da ake nema, ban ba ki shawarar farawa da ita ba.

Wasu za su ce miki ki haƙura, ƙaddara ce. Haƙuri abu ne mai kyau, kuma idan kin zaɓi ki yafe bayan kin san haƙƙinki, Allah ya ba ki lada. Amma ki tuna zubin adashin nan wata nawa kika yi kina yi, ki kuma tuna sauran takalman kwalin nan suna nan a shago, wata uwar ce za ta saya gobe.

TAMBAYA

Hajiya, barka da aiki. Ni takalma nake sayarwa a Zariya, shekara tara ke nan. Duk farkon zango sai na sha rigima da iyaye. Wani zai kawo takalmi bayan wata biyu, gaba ya goge, dunduniya ta cinye, ya ce in canza. Wata ta dawo da shi wai ya matse yaron, alhali ba ta zo da shi an gwada ba, da tsinken tsintsiya ta zo awo. Wani kuma wai makaranta ta ce baƙi, shi ya sayi ruwan ƙasa. Shi ya sa na liƙa takardar ba a dawo da kaya. Mu ma fa mutane ne, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Duk wanda ya dawo dole in karɓa?

Wani ɗan kasuwa, Zariya

AMSA

Malam, barka kadai, Allah ya ba da kasuwa. A'a, ba dole ba ne, kuma na san ciwon da kake faɗa, na ga mahaifina ya sha shi. Gogewar gaba da cinyewar dunduniya bayan wata biyu a ƙafar yaro mai tsalle-tsalle ba aibi ba ne, amfani ne. Wadda ta zo da tsinke ta zaɓi lamba da kanta, da wanda ya ga launi da idonsa ya biya, ba su da hujjar aibi a kanka. Sai dai idan takalmin bai taɓa ƙasa ba, yana nan sabo a kwalinsa, ka canza musu don Allah. Wannan ita ce iƙala, kuma hadisi ya zo a Abu Dawuda cewa wanda ya yarda ya warware wa Musulmi ciniki, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Ba ka yi asarar komai ba, ka kuma sami mai saye na shekaru, don uwar da aka yi wa haka ba ta canza shago.

Amma takardar nan ka cire ta. Ba ta kare ka daga wanda ya zo da aibi na gaskiya, tana dai korar mai kunya ta bar ka da mai tsiwa. Ka maye gurbinta da gaskiyar abin da kake yi: kaya mai aibi ana canzawa, wanda aka sa aka lalata ba a karɓa, a zo da yaro a gwada. Ka sayi ɗan littafin rasit, ka riƙa rubuta rana da lamba da samfuri, shi zai raba ka da mai kawo takalmin da ba a wurinka ya saya ba.

Sannan ka faɗi gaskiyar kaya tun a bakin ciniki. Idan leda ce ka ce leda ce, kada ka ce fata. Idan mai araha ne ka ce, "Hajiya, wannan zango ɗaya zai yi, ga mai shekara amma kuɗinsa kaza." Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma sai an gaya masa rariya ce. Kalmomin nan na "sai dai ƙafarsa ta fi shi" da ake faɗa don ciniki ya faɗa, su ne ke dawowa su zama rigima bayan sati uku. Idan kuwa ka ga samfuri ɗaya ya dawo sau biyu sau uku da lalura iri ɗaya, ka sauke shi daga kanta, ka tattara ka mayar wa dilan da ka saro a wurinsa, ko daga Kano ne, ko Aba, ko Legas. Yadda aka riƙe ka, haka kai ma za ka riƙe shi.

TAMBAYA

Anti, makarantar 'yata ce ke sayar da takalmin da kanta, an haɗa kuɗinsa da na yunifom, ba a yarda a sayo a waje ba. Maɗaurin sandal ɗin ya tsinke a sati na biyu. Na je ofis an ce su ba masu yin takalmi ba ne. Wa zan kama?

Wani uba, Kaduna

AMSA

Makarantar za ka kama, Baban yarinya. Ita ta karɓi kuɗinka, ita ta miƙa maka kayan, saboda haka a wannan cinikin ita ce mai sayarwa. Tsakaninta da wanda ya yi mata kwangilar takalmin, wannan nasu ne. Ka rubuta wa shugaban makarantar takarda gajeriya, da kwanan wata, ka haɗa da hoton sandal ɗin da rasit ɗin biyan kuɗin, ka nemi canji, ka riƙe kwafi. Kafin ka kai, ka tambayi iyayen 'yan ajinsu ko nasu ma ya tsinke. Idan kun kai biyar ko shida, ku sa hannu a takarda ɗaya, ku kuma nemi a saka maganar cikin taron iyaye da malamai na gaba. Kafin a canza, ka roƙi a bar yarinyar ta riƙa zuwa da wani baƙin takalmin daga gida ba tare da an hukunta ta ba.